Labarai sun yi mini yawa, kuma ban san na gaskiya ba. Ya zan yi?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce. Da na farka, tun kafin in yi alwala, hannuna yana kan waya. Ina cikin zaurukan WhatsApp da yawa, na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na islamiyya. Kullum labarin satar mutane, tsadar rayuwa, bidiyon gawarwaki. Barci ya fara gagarata. Kuma da yawa daga abin da ake turowa daga baya sai a ce ƙarya ne, wanda ya fi kowa turowa kuwa kawuna ne, ba zan iya yi masa gyara ba. Ba na son in zama wadda ba ta san halin da ƙasa ke ciki ba. Mece ce mafita?

Amsa: Malama, matsala biyu kika kawo, yawan labarin da kuma ingancinsa. Mutane sun fi son a yi musu maganar ta biyun, a koya musu dabarun gane ƙarya. Amma abin da aikin ɗakin labarai ya nuna mini shi ne ta farkon ce uwa. Wanda ya gaji, gabansa na faɗuwa tun asuba, ba ya iya tantance komai ko da ya haddace dabarun duniya. Saboda haka da yawan zan fara.

Iyayenmu ba su jahilci duniya ba. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC yake watsa shirye-shirye, ga Rediyon Kaduna, ga Muryar Jamus da Muryar Amurka, kuma dattijo da ƙaramar rediyonsa a ƙofar gida zai zayyana miki rikicin Gabas ta Tsakiya tiryan-tiryan. Sai dai labarinsa yana da lokacin farawa, yana da lokacin ƙarewa. An gama shirin safe, ya kashe rediyo ya tafi gona ko kasuwa, sai kuma da rana ko da dare. Sannan kafin maganar ta iso kunnensa ta bi ta hannun wakili da edita da mai karantawa, kowa da sunansa, in an yi kuskure an san wanda za a tuhuma. Waya ta cire duka biyun. Labari ba shi da ƙarshe yanzu, kuma ba dole sai ya bi ta hannun kowa ba.

Rashin ƙarshen nan da gangan ne. Facebook da TikTok da YouTube da X ba sa karɓar ko sisi a hannunki, tallace-tallace suke sayarwa, kuma kuɗin talla yana ƙaruwa ne da yawan mintunan da idonki ya yi a kan fuskar waya. Dillali ne da ake biyansa la'ada a kan tsawon zamanki a rumfarsa, ba a kan ingancin hajar da kika tafi da ita ba, don haka duk abin da zai hana ki tashi shi zai miƙo miki. Abin da ya fi hana mutum tashi kuwa tsoro ne da fushi. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 tsarin lissafin kamfanin yana ba alamomin motsin rai, har da fuskar nan ta fushi, maki biyar, alhali ɗan yatsan nuna so maki ɗaya yake samu. Ma'aikatansu da kansu suka gano cewa rubutun da ke tara fuskar fushi ya fi yawan ƙarya da cin mutunci, sai a 2020 aka mayar da makinta sifili. Shekara uku ke nan ana tura wa mutane abin da zai tunzura su a sahun gaba.

Kada mu ɗora wa na'ura laifin duka. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, wato X ta yanzu, daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya tana cin kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ci kafin ta isa ga mutum 1,500. Da suka cire asusun da kwamfuta ke sarrafawa, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai ƙirƙirar labari yana da 'yancin sa masa gishiri yadda zai fi tayar da tsikar jiki, mai faɗar gaskiya kuwa abin da ya faru kawai yake da shi, kuma sau da yawa abin da ya faru ba shi da armashi. Wannan ya sa zauren WhatsApp, inda babu wani lissafin kamfani da ke zaɓar miki saƙo, yake cika da irin abin da ke cika Facebook.

Rashin barcin da kika ambata kada ki raina shi. Bayan harin bam da aka kai wajen gasar gudu a birnin Boston a Afrilun 2013, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun tarar waɗanda suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a rana a makon farko sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu ko kusa da su. Wanda yake wurin sau ɗaya ya gani. Mai waya kuwa maimaita masa ake yi, jikinsa kuma bai san maimaici ba ne. Saboda haka abu na farko da zan ce ki yi yau, ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, ta yadda babu abin da zai buɗe sai kin taɓa. Bidiyon gawa kuma kada ki taɓa. Babu wani ilimi a cikinsa da layi biyu na rubutu ba za su ba ki ba, kuma wanda ke kwance a ciki ɗan wasu ne, wataƙila mahaifiyarsa ba ta ma ji ba tukuna.

Sai ki mayar wa labari iyakar da aka cire masa. Ki sa masa lokaci biyu a rana, misali bayan karin kumallo da bayan la'asar, minti ashirin ko talatin ya isa. Kafin sallar asuba babu, bayan isha'i babu, wayar ma ta kwana nesa da matashin kai. Ki kashe ƙararrawar sanarwa ta duk manhajojin labarai, zaurukan kuma ki sa su shiru, ki shiga lokacin da ke kika ga dama. Wanda zumunci bai ɗaure ki da shi ba ki fita. A cikin wannan ɗan lokacin ki je wajen labarin da ƙafarki, ba ki jira abin da aka jefo miki ba. Kafa biyu ko uku sun wadatar, masu ofis da adireshi da sunayen ma'aikata, waɗanda kika taɓa ganin sun fito sun ce mun yi kuskure. Zai fi kyau kada su zama masu ra'ayi ɗaya: gidan rediyon jiharku, jarida ta ƙasa kamar Aminiya ko Premium Times, da wata kafa ta waje. Kowacce tana da inda take karkata, ta gwamnati ba za ta soki mai gidanta ba, ta waje tana kallonmu da idon ƙasarta, amma in kika haɗa su sai su riƙa toshe wa juna ɓaraka.

Ba ina nufin ki toshe kunne ba. Rahoton Cibiyar Reuters ta Jami'ar Oxford na 2024 ya ce kashi 39 cikin 100 na mutanen da aka tambaya a ƙasashe da dama suna ƙaurace wa labarai da gangan a wasu lokuta, daga kashi 29 a 2017. Na fahimce su, amma a wurinmu wannan ba mafita ba ce. Wanda zai bi hanyar Birnin Gwari ko ta Funtuwa zuwa Gusau yana bukatar sanin halin da ake ciki, kuma ba banza ba aka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abin da nake cewa, ki raba labarin da zai sauya abin da za ki yi yau da wanda zai tayar miki da hankali kawai. Na farkon ɗan kaɗan ne, kuma mafi ingancin hanyarsa ba zaure ba ce. Za ki yi tafiya gobe? A kira direba a tasha, ko ɗan'uwa da ke garin. Shi ya bi hanyar da safen nan, mai saƙon murya kuwa ba ki san ko a wace shekara ya yi maganar ba.

Akwai wani sirrin sana'armu da ya kamata masu karatu su sani. Labarin da ya fi kowane rauni shi ne na awannin farko. An kai hari, wakili ya kira mutum uku: wanda ya tsere ya ce an kashe hamsin, ɗan sa-kai ya ce ashirin, kakakin 'yan sanda ya ce bakwai ko ya ƙi ɗaga waya. Ba lallai wani cikinsu yana ƙarya ba, kowa abin da ya hango yake faɗa, wani kuma yana da dalilin ragewa ko ƙarawa. Sai an yi jana'iza, waɗanda suka ɓuya a daji sun dawo, sannan adadi yake zama. Wanda ya bi labarin minti-minti ya sha firgici sau goma kuma ya tashi da adadin da ba daidai ba. Wanda ya jira zuwa yamma ya karanta sau ɗaya ya fi shi sani.

Yanzu ga batun gane na gaskiya. A nan ba sai mun yi aro ba, malaman hadisi sun gama wannan aikin tun fiye da shekara dubu. Kafin su duba abin da aka faɗa sai sun duba wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa, kuma an san shi da riƙe magana daidai? Sun san mutum zai iya zama salihi mai tsoron Allah amma a ƙi karɓar ruwayarsa saboda yana ruɗewa. Wannan ita ce amsar masu cewa ai wanda ya turo mini ba ya ƙarya. Ba ya ƙarya, amma ba shi ya gani ba. Tambayar ita ce wa ya fara faɗa.

Sun kuma san cewa yawan masu faɗa ba ya zama hujja sai in hanyoyinsu daban-daban ne tun daga tushe. A nan ne waya ta fi yaudarar mu. Saƙo ya shigo zauren dangi, ya shigo na unguwa, ya shigo na makaranta, sai zuciya ta ce ai kowa na faɗa. Alhali mutum ɗaya ne ya rubuta, sauran tura shi kawai suka yi. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna tun 1977 cewa maimaita magana kaɗai yana sa mutum ya ƙara jin gaskiya ce, ko da babu wata sabuwar hujja. Kibiya biyun nan da WhatsApp ke sa wa saƙon da ya bi hannu da yawa gargaɗi ce, ba shaidar inganci ba. Kamfanin da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, da farko a Indiya a 2018 bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane, sannan a duniya baki ɗaya a farkon 2019. A 2020 kuma ya mayar da mai kibiya biyu wuri ɗaya tak.

Kin tuna ruwan gishiri? A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwa ta kira 'yarta kafin asuba, wa ya kira ƙanensa. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su asibiti. Ita cutar mutum 20 ta kama a ƙasar, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal, ba ta ko leƙo Arewa ba. Babu wanda ya kira ɗan'uwansa da mugun nufi a daren nan. Ƙauna ce ta ɗauki saƙon, shi ya sa babu wanda ya tsaya tambaya.

Hoto da bidiyo sun fi haɗari, don mun taso a kan cewa gani ya kori ji. Mafi yawan hotunan da ake yaudarar mutane da su ba haɗa su aka yi ba, na gaske ne, amma na wani wuri ko wata shekara. A Yunin 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi a Jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook da sunan abin da ke faruwa a ranar. Binciken da BBC ta wallafa a Nuwamban shekarar ya gano cewa hoton wani jariri da aka sara ya riga ya fito watanni kafin rikicin, wani bidiyon kuma a Kwango Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun rura wutar, kuma a ranar 24 ga watan an tare hanya an fito da mutum 11 daga motoci an kashe su. Waɗanda suka tura hotunan nan yawancinsu suna zaune a ɗakunansu, wasu ma ba a jihar ba.

Duba hoto ba shi da wuya. Ki sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, cikin daƙiƙoƙi zai nuna miki inda ya taɓa fitowa. In bidiyo ne, ki tsayar da shi ki ɗauki hoton fuskar wayar ki bincika da shi. Ko babu wannan ma ido yana aiki: lambar mota ta wace ƙasa ce, wane yare ake yi a bayan fage, kakin jami'an irin namu ne, me aka rubuta a allon shago? An ce jiya ne a Zamfara, muna cikin Maris, ga ciyawa kore shar har gwiwa, to an gama magana. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya kwaikwayon muryar malami ko gwamna ta sa shi faɗar abin da bai faɗa ba. Kada ki dogara da cewa za ki gane ta da ido ko kunne, kullum ƙara ƙwarewa take yi. Ki koma kan isnadi, wato wa ya ji daga wa: in da gaske babban mutum ya faɗi wannan magana, tana shafinsa, kuma kafofin da kika sani sun ɗauka.

Wannan ita ce dabarar masu tantance labarai na sana'a. Wani bincike a Jami'ar Stanford a 2017 ya gwada su da malaman tarihi da ɗalibai. Malaman da ɗaliban suka tsaya suna nazarin shafin da aka ba su, kyan tsarinsa da tambarinsa suka ruɗi da yawansu. Masu tantancewar kuwa nan take suka bar shafin suka je neman abin da wasu ke faɗa a kansa, suka riga kowa gano gaskiya. Saboda haka in an turo miki hoton kanun labari da tambarin BBC Hausa ko na wata jarida, kada ki tsaya duban tambarin, yaro mai waya zai haɗa irinsa cikin minti biyar. Ki buɗe shafin kafar da kanki. Ki kuma leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check ko Alkalanci, sau da yawa sun riga sun bi diddigin abin. Saƙon tallafin gwamnati ko na wata ƙungiya da ke neman lambar BVN ko lambobi shida da aka turo miki ta tes, wannan ba labari ba ne, sata ce.

Saƙon murya ne ya fi ba mu wahala, don ba a iya bincika shi. Amma yana da kama guda: babu suna, babu kwanan wata, babu takamaiman wuri. Wani ɗan'uwana soja ya kira ni yanzu-yanzun nan, jiya an kama wasu a wata kasuwa, don girman Allah a tura wa kowa. Kalmar jiya ita ke ba shi tsawon rai, bana jiya ne, baɗi ma jiya ne.

Zan ƙara abu ɗaya don kada ki raina masu yarda da jita-jita. Jita-jitar da ke kama gari galibi a kan wani tabo na gaske take hawa. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, zargin ba gaskiya ba ne, kuma kafin a dawo da rigakafin a 2004 cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amma mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a cikin yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Haka labarin Jibrin na Sudan, wanda aka ce an kawo shi ya maye gurbin Buhari don suna kama: marigayi Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017 ba a gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba, sai da ta kai shi ga fitowa a ƙasar Folan a Disamban 2018 yana cewa shi ne da kansa. Inda hukuma ta yi shiru, shaci-faɗi ke cike gurbin. Don haka ni ba na ce wa kowa ya ɗauki sanarwar gwamnati a matsayin yankan shakku. Ita ma magana ce daga mai ruwa da tsaki, a auna ta kamar sauran.

Saura kawu. Kada ki yi masa gyara a cikin zaure, gaban 'ya'yansa da surukansa. Ko kina da gaskiya zai kare kansa ne, kuma dangi za su ga rashin kunyarki, ba ƙaryar saƙon ba. Ki kira shi ko ki je gaishe shi, bayan an gama gaisuwa ki kawo maganar a matsayin mai neman sani: Kawu, saƙon nan da kuka turo, na so in tura wa abokan aikina, sai na ce bari in tambaya ko kun san wanda ya fara faɗa. Yawanci zai ce shi ma turo masa aka yi. Sai ki ce kin duba kin ga abu kaza, ki tura masa shi kaɗai, ki bar shi ya kai gyaran zaure da kansa. Dattijo yana turawa ne don yana ganin kare iyalinsa yake yi, to ki bar masa wannan matsayin, ki zama mai duba masa kafin ya tura. In mai son karatu ne, aya ta 6 a Suratul Hujurati, mai umarni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo, da hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji sun fi duk wani bincike na jami'a shiga zuciyarsa, amma ya fi kyau su fito daga bakin sa'ansa ko limaminsu, ba daga bakinki ba.

Wuri uku ne ban yarda a jira ba: saƙon da ke cewa a sha wani abu ko a daina shan magani, wanda ya sa hoton wani ko sunansa ya ce ɓarawon yara ne ko mai kai wa 'yan bindiga rahoto, da wanda ke ɗora laifi a kan wata ƙabila ko addini. Waɗannan suna iya cin rai kafin gari ya waye. Ki rubuta gajeren gyara cikin ladabi nan take, ba tare da ambaton wanda ya turo ba kuma ba tare da sake ɗora hoton ba, sannan ki kira shugaban zauren. Tun 2022 WhatsApp ya ba shugabannin zaure ikon goge saƙon kowane mamba ga kowa da kowa, da yawansu ba su ma san suna da shi ba.